Bencin da Kwamitin Unguwa Ya Fasa

Shekarar da nake bautar ƙasa a wani ƙaramin asibiti da ke bakin unguwar Alaba, ƙanina ya riga ya yi nisa a shan ƙwayar tiramol. Ban san takamaimai lokacin da ya fara ba. Makaniki ne a Suame, unguwar masu gyaran motoci, yini yake a ƙarƙashin mota, kuma ina zaton a can aka fara ba shi saboda ciwon baya. Zato ne kawai, bai taɓa faɗa mini ba. Abin da na sani shi ne sau biyu yana faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, na biyun a bakin kwata, har goshinsa ya fashe.

Asibiti kuwa ya ƙi shi ƙememe. A ganinsa, duk wanda aka hango yana shiga ɗakin da ake duba masu shaye-shaye ya zama mahaukaci a bakin mutanen unguwarmu ta Zango har ya koma ga Allah. Ba zan ce ƙarya ya yi ba.

Akwai wata dattijuwar nas a wurin aikinmu, 'yar ƙabilar Asante, tana jin Hausa sama-sama. Da na kai mata kuka, sai ta tambaye ni inda yake zama da yamma. Na ce a bes, wato rumfar kwano da benci biyu a bayan lungunmu, inda samari ke dafa shayin ataya suna musun ƙwallo. Ta ce tunda shi ba zai zo ba, mu za mu je.

Na yi ta kawo mata dalilan da za su sa abin ya ɓaci, ta bar ni na gama, ta cire kayan aiki ta ɗaura zani. Ranar farko babu wanda ya matsa mata ta zauna. Wani ya tambaye ta ko 'yan sanda ne suka turo ta, ta ce da wannan gwiwar tata wa za ta iya bi da gudu? Aka yi dariya, aka miƙa mata kofin ataya.

Ba ta taɓa yi musu wa'azi ba. Jini take aunawa, ta wanke wa mai gyambo gyambonsa. A cikin hira take gaya musu cewa ba a yanke ƙwayar nan rana ɗaya, ragewa ake yi a hankali a hannun likita, kuma idan wani ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. Kowace Talata tana zuwa, har suka koma kiranta Mame, wato uwa a yarenta. Ƙanina da fari daga nesa yake tsayawa. Wata rana na gan shi kusa da ita, yana gaya mata yawan abin da yake sha a yini. Ya amince zai ga likita, da sharaɗin ita za ta zo bes ta ɗauke shi Talata mai zuwa, su shiga ta ƙofar baya, ni kuma kada in bi su.

A makon ne aka fizge wa wata mata jaka a lungun. Har yau ban san ko 'yan bes ne ba. Kwamitin unguwa ya zauna, kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne shugaba, suka yanke cewa za a rushe rumfar. Na same shi a ƙofar shagonsa na durƙusa.

"Kawu, a ɗan jinkirta mana. Ina jin ana samun ci gaba a wurin."

"Kana ji ko ka sani? Mutum nawa suka daina?"

Na ce babu wanda ya daina tukuna, irin wannan aiki yana cin lokaci, kuma ba lallai kowa ya warke ba. Gaskiyar ke nan, ban ga yadda zan ƙara mata gishiri ba. Zancen ƙanina kuwa ban iya buɗe shi ba, don ya roƙa kada kowa a gida ya ji.

"To malam mai digiri," in ji shi, "mu ma mun ba su lokaci. Mata ba sa iya bin lungun nan da magariba."

A nan ma ba zan ce ba shi da hujja ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ranar Asabar da hantsi suka zo da guduma. Suka ɓalle kwanon, suka faffasa bencin, suka kama samari biyu suka aske musu kai da reza ana ɗauka a waya. Mutane suna ta sa musu albarka. Ƙanina yana wurin aiki, a waya ya gani.

Talata nas ta zo kamar yadda ta yi alkawari. Ta tsaya a kan tarkacen katako tana riƙe da jakarta, har aka kira la'asar ba wanda ya leƙo. Samarin sun watse, wasu bayan kasuwa, wasu wajen layin dogo. Ta ce a da can ta san inda za ta same su, yanzu kuwa duk wanda ya faɗi zai faɗi inda babu mai juya shi.

Na kira ƙanina, sai a kira na uku ya ɗauka.

"Yaya, kai ka kawo Mame, kawunka ya kawo guduma. Gidanku ɗaya ai."

Ya kashe wayar. Tun daga nan a gareji yake kwana, gida sai jefi-jefi.

Nas ta ce in samo mata wuri, ko benci ɗaya ne, za ta dawo, wataƙila ƙanina ma ya dawo. Na bi lungun gida-gida ina roƙo. Kowa ya yaba, kowa ya ce Allah ya shirye su, amma ba a ƙofar gidansa ba. Daga ƙarshe na tambayi mahaifiyarmu ko za a ajiye bencin a ƙofar namu gidan. Ta ce in bari ta ji ta bakin yayanta tukuna.