Kartush ɗin Baba Saje

Ina wurin aiki a Gagarawa da safen nan aka kira ni daga Gumel. Baba Saje ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ko ba ku san sunansa ba, 'yan Gumel kun san tankarsa. Shi ne tsohon bakaniken sojan nan da ya jawo mushen tankar yaƙi daga wurin 'yan gwangwan, ya ajiye ta a kangon bayan gidansa. Duk tsatsa, bakin bindigar ma an liƙe shi da walda. Ya ce irinta ya yi wa aiki yana saurayi, ba zai zuba ido a yanka ta a ɗora a sikeli ba.

Katangarmu ɗaya da shi, kuma tun ranar da aka sauke ta hankalina bai kwanta ba.

Kun dai san ni da zargi. Ko gaisuwa aka cika yi min sai na ce me ake nema. Balle tsoho da tanka, ga iyaka a kusa, ga zamanin da muke ciki. Na ce ruwa ba ya tsami banza.

Mashin ɗina ya lalace, ya gyara, ya ce in tafi kawai. Na ce toshiyar baki ce.

Innata ba ta da lafiya, ya kai ta asibiti a motarsa, ya zauna har aka ba ta gado. Wallahi shi ma sai da na saka masa ayar tambaya.

Wata rana da la'asar na jiyo shi ta katanga yana waya da wani mutumin Damagaram: "Kartush guda shida. Ka naɗe su da kyau, ka ba direban Maigatari ranar kasuwa."

Na tambayi wani abokina ɗan Nijar mai fataucin shanu, mene ne kartush a wurinku? Ya ce, "Harsashi mana." Ban ƙara tambayar kowa ba. Na je na kai rahoto wurin jami'an tsaro, na roƙa a ɓoye sunana.

Ranar da saƙon ya iso, a gaban mutanen unguwa aka buɗe ƙunshin. Filtar mai ce guda shida. Ashe kanikawan can ita ma kartush suke ce mata.

Duk da haka sai da aka tafi da shi, ya kwana biyu. Ya dawo, amma sunansa bai dawo ba. Masu kawo masa injin ban ruwa suka janye. A majalisa, in ya iso, sai hira ta mutu. Ni kuwa kullum da safe ina ce masa, "Baba, an tashi lafiya?"

Watan jiya ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam Sani, zo ka ga abin mamaki." Ya shiga cikin tankar da ƙyar saboda gwiwa. Ta yi tari, ta yi tari, sai ta ɗauka. Kaji suka watse, hayaƙi ya cika kangon, tsoho yana dariya kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Da ya kashe ta, yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Wanda ya kai ni ƙara ban ga laifinsa ba. Tsoro ne. Abu ɗaya ne ya yi min ciwo, da bai zo ya tambaye ni ba."

Ni yake kallo ko injin, ban sani ba. Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma daga nan aiki ya riƙe ni a Gagarawa, ban sake ganinsa ba.

Ina kyautata zaton ya sani. Ina jin ƙofa ya buɗe min ranar, na ƙi shiga.

Abin da ya sa nake rubutun nan, an ce min ko a wurin jana'iza akwai masu raɗa, wai Allah kaɗai ya san abin da yake yi da tankar nan. To ku ji da kyau. Babu harsashi, ba a taɓa samun ko ɗaya ba. Ni ne na kai shi ƙara, kan kalmar da ban gane ba. Mai neman wanda zai zarga, ga ni.

Hajiya, uwargidan Baba Saje, ina hanya. Zan durƙusa in faɗa miki da bakina.

Allah ya jiƙan Baba Saje, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa zaluncin da na yi masa ya zama nauyi a mizaninsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. In da saura, ku roƙa min Allah ya yafe min, don wanda zan roƙa an riga an binne shi.