Kalangun Kawu Mode

Maniru ƙanena ne, kuma duk Bodinga ba wanda ya kai shi kunne, ko da yake ba na faɗa a gabansa, don kansa yana saurin kumbura. Tun yana yaro rediyon Baba ta sha wahala a hannunsa. Yau ga shi da ɗan situdiyo bayan tasha, yana ɗaukar waƙoƙin biki a kwamfuta.

Yadda ya bayyana mini, kowace murya da kowane kiɗa da layinsa, amma duk suna zubewa cikin layi ɗaya na ƙarshe da suke kira masta. Abin da ya fita ta nan shi jama'a ke ji. Kamar buhun albasa ne, in ji shi, yana da iyakar abin da yake ɗauka. In aka danƙara masa sai alamarsa ta tashi daga kore ta nuna ja, sauti ya tsage.

Bara Inna Kulu, matar kawunmu Mode, ta zo masa. Zabiya ce tun ƙuruciya, Kawu ke mata kiɗa, amma ciwo ya cinye muryar. Autarta Nabila za ta yi aure a Dandin Mahe, ita kuwa ba ta iya waƙa a taro. Ta ce ya ɗauka a sa a lasifika, daga wannan ta ajiye.

Aka ɗauka. Kalangun Kawu ya danne ta ƙurmus. To wa zai ce wa Kawu a rage shi? Maniru, sarkin kunya, sai ya ƙara muryar Inna, ya ƙara 'yan amshi, masta ya yi jawur. Ya rage mastan, kowa ya sauka tare, Inna tana nan a binne. Raina ya ɓaci, na ce masa wannan ba ladabi ba ne, tsoro ne.

Washegari ya aika a kira Kawu. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya kashe kowane layi ya bar na Inna kaɗai. Murya ce siririya, tana rawa, tana kiran sunan Nabila. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Da ya maido kalangu, ta ɓace.

Kawu ya matso kusa da kwamfutar. Ya tambaya wanne ne layinsa, Maniru ya nuna masa.

"Rage ni, ɗana," in ji shi. "Ashe duk shekarun nan ni ka rufe ta."

Masta ya koma kore. Ranar biki kowace kalmar Inna ta fita tar, mata suka daina surutu. Kawu na zaune bakin rumfa, kalangu a cinya, bai taɓa shi ba har waƙar ta ƙare.