Ɗan Darla Mai Zare Takobi

Duk mai zuwa cocinmu a nan tsaunukan Tennessee ya san Darla Whitlock, don ko bai neme ta ba, ita za ta tare shi a bakin ƙofa da labarin 'ya'yanta. Su uku ne: Silas mai shekara takwas, Tabita mai biyar, sai Amos da ke hannu. Babu wanda ya taɓa taka makarantar gwamnati a cikinsu, kuma in ji Darla ba za su taka ba sai bayan ranta.

Ita ce malama, ita ce shugabar makaranta, ita ce kuma mai zuwa duba aikin malamai, shi ya sa ba a taɓa kama ta da laifi ba. Teburin cin abinci ne aji. Da safe addu'a, sai waƙa, sai haddar ayoyi. Ana haka Amos zai tsandara kuka, kaji su faɗa lambu, ƙullun burodi ya kumbura ya zubo, shi ke nan an tashi. Amma kafin a watse sai ta jera yaran kusa da taga, kowa da littafi a hannu, ta ɗauki hoto ta watsa wa matan coci a waya. Kai, da hoto na koyar da yaro, da tuni Silas ya zama likita.

Mijinta Wade mai gyaran rufin gidaje ne, maganarsa ba ta da yawa. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata tun farko.

"Ni dai yaro ya iya karatu. Ranar da na ga bai iya ba, motar makaranta zai hau."

"Ji shi don Allah!" in ji Darla. "Yaron da Zabura ke kansa kamar ruwa? Kai da ka yi ta gwamnatin, aya nawa ka riƙe?"

Wade ya ɗauki gudumarsa ya fita.

Inda Darla ke baje kolinta shi ne wasan zare takobi, bayan sujadar Lahadi. Yara su ɗaga Littafi Mai Tsarki sama, a kira sura da aya, wanda ya riga buɗe wurin ya miƙe ya karanta. Darla ce mai kira. Ba zan ce ha'inci take yi ba, amma ayoyin da ke zuwa mata baki su ne waɗanda ake rerawa a teburinta. Silas kuwa kullum shi ne na farko. Sai ta juya ta dubi Faye, wadda 'ya'yanta ke makarantar gwamnati, ta sassauta murya:

"Kada ki damu, 'yar'uwa, ina sa naki a addu'a."

Faye ta haɗiye maganar, ta daɗe tana haɗiye irinta.

Rana dubu ta ɓarawo. Makon taron farkawa, wato wa'azin farfaɗo da imani, muka yi baƙo, wani tsohon fasto mai suna Harlan Boggs. Darla da kanta ta roƙe shi ya yi kiran, don baƙo ma ya ga abin da ake shukawa a gidanta. Tsoho ya ce, "A zare takobi! Karin Magana, sura uku, aya biyar." Kafin sauran yara su lashi yatsa, Silas ya miƙe zumbur, ya zuba ayar ba gargada. Coci ya ɗauki amin. Darla har da share ƙwalla.

Fasto ya tako don ya dafa kan yaron, sai idonsa ya faɗa kan littafin.

"A'a, ɗana! Ai kana can ƙarshe, kan taswirar tafiye-tafiyen Bulus."

Aka yi dariya, Darla ta fi kowa, tana cewa shafi ne ya juya. Tsohon ba shi da mugun nufi. Ya buɗe wani wuri, ya ɗora yatsa. "To, karanta mana wannan."

Silas ya dubi shafin, ya dubi uwarsa, kunnuwansa suka yi ja. Ko kalma ɗaya ya kasa karantawa.

"Kunya yake ji, Fasto," in ji Darla. "Rubutun ma ƙanana ne."

Wurin cin abinci bayan sujada ba wanda ya tayar da maganar, abin da ya fi zagi ciwo. Faye ce kawai ta zubo mata wake da gurasar masara, ta matse mata hannu.

"Za mu sa ku a addu'a, 'yar'uwa."

A mota Darla ba ta rufe baki ba: tsohon ya tsorata yaro, Faye 'yar hassada ce, Shaiɗan ba ya son gidan da ke tsaye. Wade ya gangara gefen hanya, daidai wani allo da manomi ya kafa yana tallar ƙwai.

"Silas, me aka rubuta can?"

"Baba, bari Mama ta karanta mini sau ɗaya tukuna, sai in karanta. Ai haka muke yi."

Tsoro ne ya kama Darla, na gaske, irin wanda ba a ɗaukar hotonsa. Shekara uku tana karantawa yaro na maimaitawa, tana kiran abin karatu.

"Litinin," in ji Wade, ya tayar da mota.

Ta yi kuka, ta yi azumi, ta kawo masa ayoyi kan haƙƙin iyaye. Wade ya je ya sayo jakar makaranta.

Ranar Litinin ta rako yaron bakin hanya, ta gyara masa wuyan riga, tana ta waige-waige kada wata ta gan ta. Doguwar motar nan mai ruwan ɗorawa ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Silas ya ƙanƙame siket ɗinta da hannu biyu.

"Mama, ke kika ce yaran da ke shiga motar nan Yesu ba ya bin su ciki. Ni ma a nan zai tsaya ya bar ni?"

Darla ta buɗe baki, aya ko ɗaya ba ta zo mata ba. Direba ya danna ham. Da hannunta ta ɓamɓare yatsun ɗanta ɗaya bayan ɗaya, ta tura shi ciki.