Ranar da Gilashin Motar Kakanku Ya Ƙi Sauka

Kakanku direba ne tun kafin ya aure ni. Shekara talatin da wani abu yana tuƙa manyan wani kamfani, ko kaza bai taɓa takawa ba. Da ya ajiye aiki aka ba shi ɗan abin sallama. Ni ina lissafin rufin ɗaki za mu gyara, sai ga mutum ya shigo layinmu da wata ƙatuwar baƙar mota, irin wadda ya saba tuƙa wa iyayen gidansa. Kujerun fata ne, amma sun tsattsage kamar ƙafa mai faso. Hannu nawa ta bi kafin ta iso gare shi, Allah kaɗai ya sani. Bakanikensa, wanda ake ce wa Dogo, ya leƙa lambobin nan na gaban sitiyari, ya ce tafiyar da motar nan ta sha, da mutum ce da tuni ana tauna mata abinci. Kakanku ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani.

To, ya samu aikin yi. Kullum da safe sai ya buɗe gabanta, ya zaro ɗan siririn ƙarfen nan na gwada mai, ya murza baƙin mai a yatsa, ya shinshina. Kwali yake shimfiɗa mata a ƙasa don ya gane inda take ɗiga. Yau famfon mai ne, gobe wayoyi, jibi a wayi gari ta durƙusa ta gefe ɗaya kamar raƙumi. Kayan gyaranta kuwa babu a shago, sai wajen masu farke matattun motoci.

Amma akwai abin da ni kaɗai na sani. Yanar ido ta fara rufe masa gani. Da kunne yake tuƙin nan. Gilasai huɗu duk a sauke suke, yana jin babur tun daga nesa, yana jin takun mutum. Ni kuma ina zaune gefensa ina faɗa masa: ga mai keke a damanka, ga rami, danja ta tsayar. Babanku ya fara zargi, har ya ce in ya tabbatar zai karɓe makulli. Kakanku ya ce ranar da aka raba shi da makullin nan, a haƙa masa rami kawai.

Wata rana aka yi ruwa, ya ɗaga gilasan. Da ruwa ya ɗauke, ya danna ɗan abin da ake dannawa, shiru. Duka huɗun sun ƙi sauka, kuma irin motar nan ba ta da abin murzawa da hannu. Ga gilashin da kauri, don an yi shi ne kada mai kuɗi ya ji hayaniyar titi. In ka rufe ƙofa kamar ka faɗa rijiya.

Na ce a aika Dogo ya zo gida ya duba. Ya ce a'a, Dogo zai tambayi me ya hana shi kawo ta ɗan nan da gareji, kuma bakin Dogo ba ya riƙe ruwa, kafin yamma babanku ya ji. Shi da kansa zai tuƙa ta zuwa garejin. Na ce to ni ba zan shiga ba. Ya ce to shi kaɗai zai tafi. Me zan yi? Na jawo mayafina na shiga.

Abin sanyinta ya daɗe da mutuwa. Ba mu bar layi ba gilashin gaba ya yi gumi, ina gogewa da bakin mayafi, ina faɗa masa hanya. Ya kwanto da kai har haɓarsa na taɓa sitiyari. Babura na wucewa ta gefenmu, ba ma jin komai. Na ce mu koma. Ya ce in yi aikina.

Muka iso shataletale. Idona na kan wata babbar mota da ke tahowa ta hagu, ashe wata mata ta sauko titi ta dama, da bokiti a ka. Bakinta kawai na gani a buɗe, ihu take yi, ba ya shigowa. Na kai wa hannunsa duka.

"Tsaya!"

Allah ya taimaka, a satin nan aka gyara birkin. Motar ta tsaya hancinta na taɓa zanen matar. Bokitin ya faɗo a gaban motar, ruwa ya watsu. Tana dukan ƙarfen da tafin hannu tana zagi, ga ta nan dab da mu, shi kuma yana kallonta tsaf.

"Mene ne?" ya ce. "Akuya ce?"

Na ce, "Mace ce, Malam. Da goyo."

Ya kashe injin a nan tsakiyar titi. Da na buɗe ƙofa hayaniya ta rufto mana, motoci sun yi layi a baya, kowa na danna hon. Na fita na ba matar haƙuri, na dudduba ɗan, lafiyarsa lau, kuka kawai yake.

Da na dawo na tarar kakanku ya fito, yana tsaye ya dafa ƙofa. Ya laluba hannuna ya sa min makullin, ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce in kai wa babanku, shi ya san yadda za a yi da ita.

Sannan ya ce, a hankali, don kada mutanen da suka taru su ji, "Riƙe ni ki tsallakar da ni."