Safiyar da Na Ɗumama Mai Jego da Burodi

Na manta shekarar da aka haife ni, na manta rabin karatun allon da aka cusa mini da bulala, amma safiyar da wutar lantarki ta ci amanata a unguwar Bani Malik tana nan daram a raina, sai dai a binne ni da ita.

Lokacin ina dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, matata ta haifi ɗanmu na fari cikin hunturu. Mu Hausawan Sudan, haihuwar fari gidan iyaye ake komawa a yi wanka har arba'in. Surukata tana unguwar Ruwais, nan cikin Jidda, ta riga ta tanadi gawayinta da tukunyar wanka. Ni kuwa na ce sam. A kwanakin aka ja mana wuta, na sayo daffaya a gwanjo, hitar nan da wayarta ke yin ja, da rishon lantarki na dafa ruwa. Na aika wa tsohuwa cewa zamani ya canja. Kaskon wutata ma na kyautar wa maƙwabcina wanzami, har da yi masa jawabi kan ci gaba. Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba.

Ta yarda, amma da sharaɗi. Za ta zo ta zauna da mu, ranar da mai jego ta rasa ruwan zafi ko ɗumin ɗaki, ranar za ta kwashe 'yarta da jikanta.

Sanyin Jidda ba wani abin kirki ba ne. Sai dai mu da zafi ya gama dafawa, iska kaɗan ta taso za ka ga ƙato ya naɗe kai kamar mai ciwon haƙori. To ranar an kwana ana ruwa, muna dawowa daga sallar asuba wuta ta ɗauke. Daffaya ta huce, ruwan wanka ko motsi bai yi ba, jariri ya fara atishawa.

Surukata ba ta yi mini magana kai tsaye, wai kunya. Ina tsaye bakin ƙofa ta dubi 'yarta ta ce, "Tambayi mai gidanki, zamanin nasa ƙarfe nawa yake dawowa?"

"Ki ce wa Inna yanzu-yanzu," na faɗa, na zura da gudu.

Na iske wanzami zaune gaban kaskona, shayinsa na tafasa a kai. Ya ce, "A'a, manya! Masu ci gaba ma suna zuwa ɗiban wuta?" Na roƙi aron kaskon, ya ce shi ma tsohuwarsa na jira. Mai gawayi kuwa ruwa ya jiƙe buhunansa sharkaf. Abin da kawai ke ci a unguwar shi ne tandar mai tamis, burodin nan mai faɗi. Zafinta na dukan fuskata sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum idan Allah ya so a yi masa dariya. Na sayi tuli guda, na ƙunshe a mayafi, na sheƙo gida. Tsohuwa tana tsakar gida, na lallaɓa na jera shi cikin bargo, gefen jariri da ƙafafun uwarsa. Matata tana dariya tana riƙe ciki. Kuma wallahi ya yi ɗumi, wannan har gobe ban janye ba.

Ƙamshi ne ya tona ni. Ta shigo, ta ɗaga bargo, ta yi salati. A garin da ko gutsure ya faɗi sai an ɗauka an sumbata an ɗora kan katanga! Ranar ta fara kallon ƙwayar idona.

"Ni'imar Allah a ƙarƙashin ƙafa? Kai ɗan nan, jikana ne wannan ko kwanon waken ful, da za ka kewaye shi da tamis? Halas, shi ke nan. Ke kuma yalla, tashi mu tafi."

Tasi na shan kwana da su wuta ta dawo, daffaya ta yi ja. Na zauna gabanta ni kaɗai ina tauna burodi mai sanyi, don ba dama a zubar. Sauran kwanakin arba'in a ƙofar gidan Ruwais na yi su, ina ganin ɗana idan ta ga dama. Kowa a Jidda da sunan ɗansa ake kiransa, ni sai Abu Tamis, wato Baban Tamis.

Abin da na koya shi ne, duk abin da wani mutum da ba ka sani ba zai iya kashewa daga ofishinsa, kada ka ɗora iyalinka a kansa, balle ka yi wa suruka alfahari da shi.