Sunan da Inna Ta Iya Kira

Akwai wata ranar Asabar a Abakpa da ba za ta fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da na sani. A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina ƙaramin akawu a wata ma'aikata a Kaduna, ina haya a Malali, ina ji da kaina kamar ni na kawo boko ƙasar Hausa. Kaduna ta lokacin ba ta da hayaniya. Da an tashi daga aiki tituna sun zama na masu keke, ga inuwar mangwaro ko'ina. Ni kuwa da na ci abinci sai in jawo tsohuwar tafiretata in hau buga labarin da nake fatan ya zama littafina na farko.

Labarin wani yaro ne da ya baro ƙauye ya kama aikin jirgin ƙasa. Da na gama sai na kai wa maƙwabcina, wani malamin kwalejin horon malamai da ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam a Zariya. Ya girme ni nesa ba kusa ba, ga shi da tsokana. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ƙofar gidansa.

"Akawu, labari ya yi daɗi," in ji shi. "Amma ba ka ce yaron nan ɗan fari ba ne?"

Na ce ƙwarai kuwa.

"To wace Bahaushiya ce wannan da take rangaɗa wa ɗanta na fari suna haka? Ta kira shi ya ci tuwo, ta kira shi ya ɗebo ruwa, wani wurin ma ba aiken komai, kiran kawai take yi. Ina alkunya?"

Na karɓi takardun na duba, kunya ta rufe ni. Kusan kowane shafi uwar nan tana kiran sunan, ni kuma ban taɓa lura ba. Na ce kuskure ne, zan gyara.

"Kada ka yi garaje," ya ce. "Kai na nawa ne a ɗakinku?"

Ni ne na fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In ni take nufi sai ta ce "kai", in da ƙannena take magana ta ce "yayanku". Ba ƙi ba ne, haka ta tarar ana yi. Da a ce wani ya ce abin yana damuna, da dariya zan yi masa.

Malam ya ce zuciyar mutum kamar rumbu take, na sama kaɗai ake gani. Abin da mutum ya so tun yana yaro bai samu ba, kuma bai sami bakin tambaya ba, yana can ƙasa, ba ya ruɓewa. Yakan fito a mafarki ko a suɓutar baki, marubuci kuwa ta alƙalami yake fito masa. "Kai ka shirya labarin jirgin ƙasa," ya ce, "wani yaro da ke cikinka ya faki idonka ya rubuta nasa."

Na ji haushi, na ce a raina karatu ne ya yi masa yawa. Amma duk sanda na ɗauki biro zan soke sunan, sai in kasa. Daga ƙarshe na yanke shawara in karanta wa Inna. In ta kushe matar, in soke, magana ta ƙare.

Na hau keke zuwa Abakpa, na same ta a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon waken kamar kullum. Na zauna a bakin tabarma na fara karatu. Da na kai aya ta ce, "Wannan mata dai ba ta da ta ido."

Na fara tattara takarduna, sai na ji ta ce, "Koma wurin da ya dawo daga tasha."

Na koma na karanta. Ta daina tsintar.

"Sunan nan ai ba naka ba ne."

"Ba nawa ba ne, Inna."

"Kuma ba na kowa ba ne a gidan nan."

Na ce haka ne. Ta ci gaba da aikinta. Na yi sallama, na tura kekena har cikin zaure. A nan na ji muryarta daga tsakar gida, ba da ƙarfi ba. Sunan yaron littafin ta kira, sannan ta ce, "Hadari ya haɗu, tsaya ruwa ya wuce."

Na tsaya a zauren riƙe da keke, ƙato da ni, hawaye na zuba. Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, kuma a lokacin ne na san ashe shekara da shekaru ina jiran wannan kira. Sai da na goge fuska da hula kafin na iya amsawa.

Daga ranar har Allah ya karɓi abarsa, da sunan nan take kirana. Ƙannena sun ɗauka tsokana ce, na bar su a haka. Ba zan rubuta shi a nan ba, namu ne ni da ita. Littafin kuwa ban taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa ba.

Abin da na koya shi ne, marubuci bai san rabin abin da yake rubutawa ba. In ka ga wani abu yana ta dawowa cikin labarinka ba da izininka ba, kada ka yi saurin kiransa kuskure. Tsaya ka saurara, wataƙila shi ne abin da ka daɗe kana roƙo ba ka sani ba.