Dutsen Zaman Gidanmu

Duk ranar da na tsaga ɗanyar citta a kicin, ƙamshin sai ya kai ni ƙauyenmu, can bayan Kagoma, shekarun da makarantar gwamnati ba ta iso mana ba tukuna.

Dattawan ikkilisiya ne suka kafa mana rumfa a gefen coci. Suka samo wani tsohon ma'aikacin reluwe daga Kafanchan yana koya mana karatu, su kuma suna nome masa gonar acca. Rumfar ƙarama ce, don haka kowane gida dutse ɗaya aka ba shi na zama. Mu biyu ne 'yan mata a gidanmu, sai Baba ya raba: yau ni, gobe yayata. Wadda ba ta je ba, ita ke tsaga citta tare da Mama.

Na tsani cittar nan, ka san yadda take cin yatsu. Wata rana na dawo na ce wa Baba, Malam ya ce ni kaɗai zan riƙa zuwa. A lokacin wa zai tuhumi maganar Malam? Da Malam ya tambayi yayata kuwa, na ce masa ita ta ce ba ta so. Ina shekara takwas. Dutsen ya zama nawa, daga kansa na tafi firamare, har sakandare. Ita ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Duk Lahadin da na je gida, a sujadar coci ni ke nemo wa yayata shafin waƙa, ta riƙe littafin tana rerawa da ka.

Bara na tarar da ita tana tsaga citta a ƙofar ɗaki, na durƙusa na faɗa mata komai. Wuƙarta ba ta tsaya ba.

"Ke, yanzu ne kika tuna? Ai Malam ya zo har gida, ya tambaye ni a gaban Baba. Na ce masa gaskiya ne, ba na so."

"Don me, Yaya?"

"Kin manta bulalar Baba? Ke kuma a lokacin ga ki kamar tsinke."

Yanzu inda rumfar take an gina ajujuwa, da benci har da na banza. Jikokinta duka suna ciki. A ranar nan dai, sai na ɗauki wuƙa na zauna kusa da ita. Ta dubi hannuna ta yi dariya.

"Ajiye, 'yar boko, kafin ki yanke."